Harsashin Sifis Ranar Bikin 'Yarsa

"Ranar bikin 'yata Argiro, in na saki wuta, sai masunta a bakin teku sun toshe kunne."

Sifis ke nan, sarkin cika baki na ƙauyenmu, yana murza gashin baki a shagon kofi. Ka san halinmu a tsaunukan tsibirin Kirit: dangin ango su iso suna harbi sama, dangin amarya su amsa. Gidan da amsarsa ta yi laushi kuwa, har jikoki sai an yi musu gori.

"Ka je gari ka sayo harsashi mana," in ji Manusos mai shagon.

"Na kanti? Ai na 'yan koyo ne. Tun kana tsotson yatsa nake ɗura nawa da hannuna."

Gaskiya ne, ya taɓa yi. Abin da bai faɗa ba shi ne, rabonsa da abin tun yana da gashi a ka.

Gogan naka ya shiga ɗakin ajiya ya tono tsohon albarushinsa a bayan tulun zaitun. Laima ta dunƙule shi ya zama kamar cuku. Ya marmasa da cokali. Ma'auni ya yi tsatsa, sai ya koma awo da ido, wai idon gwani ya fi sikeli. Abin toshe kwanso ya ƙare, ya farke matashin kan matarsa Hrisula ya kwashi ulu.

"Mutumin nan, a kan me zan kwana?"

"Ki kwana a kan alfahari, mata. Gobe za ki ga wanda kika aura."

Ta kuwa gani.

Dangin ango suka shigo gari da rugugi, tsauni na amsawa. Jaririn da ke hannun kakar ango ya farka ya tsala kuka. Aka juyo ana kallon uban amarya. Sifis ya gyara tsayuwa, ya ɗaga bindiga sama, ya rufe ido ɗaya ya ja kunama.

Fus.

Ulu ya fito a hankali, ya yi 'yar shawagi, ya sauka a gemun fadan cocinmu.

"Gwaji ne," in ji Sifis, gumi na keto masa.

Ya sake. Fus. Ya sake. Fus. Wata kurciya a kan wayar lantarki ta leƙo shi, ta ci gaba da gyaran fiffike. Argiro ta ja mayafi ta rufe fuska, ni kaina na ji mata kunya har cikin ƙashi.

Ya sauke bindiga zai sulale, sai kakar ango ta yafito shi, ta yi ƙasa da murya.

"Don Allah suruki, kar ka tsaya. Ƙara biyu, yaron ya fara barci."