Gawar da Muka Samu a Tayar Gaba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da kuma ido ɗaya a buɗe, ni mai gyaran firji, a madadin iyalina, nake sanar da dangi, surukai da abokan arziki rasuwar boris ɗin tayar gaban babur ɗina. Ya cika yana bakin aiki, a kan kwalta, ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, kuma ba laifinsu ba ne don bai taɓa son nuna kai ba: ɗan zoben ƙarfe ne mai ƙwallaye a ciki, yana zaune a tsakiyar taya, shi ke sa ta juya sumul. Tare da babur ɗin ya fito daga kamfani. Abin da ya fi sauran 'yan uwansa da shi shi ne maganaɗisun da ke gefensa ɗaya. Da shi yake sanar da birkin nan da ake kira ABS yadda taya ke gudu, birkin kuma ya riƙa kamawa yana saki, don kada tayar ta ƙame ta zame da mutum. In na murza makulli, wata 'yar fitila rawaya takan kama a fuskar mita, da taya ta fara gangarawa sai fitilar ta mutu. Da haka marigayin yake gaishe ni kowace safiya.

Bawan Allah ne mai haƙuri. Ya ɗauki tukunyar gas, ya ɗauki akwatin kayan aiki, ya ɗauki maiɗakina ranar cefane tare da duk abin da ta ce ɗan kaɗan ne. Ya sha rami ya sha taɓo bai taɓa yin tsaki ba. Maganarsa ɗaya ce, ita ma sai an matse birki a kan santsi: tak-tak-tak, a cikin yatsuna. Babban aikinsa kuwa shi ne kai Auta, 'yata, makaranta, tana baya ta cusa hannuwanta a aljihun rigata.

Ciwon ajali ya fara ne bayan wata tafiya da Yaya, wan maiɗakina, ya yi da babur ɗin. Yana da irinsa sak, amma ya ce nasa na wurin gyara. Ya dawo mini da shi a wanke tas, tanki cike da mai. Mutumin da tun da na auri ƙanwarsa ko tocila bai taɓa dawo da ita da batirinta ba. Na dai yi godiya.

Daga ranar fitilar nan ba ta ƙara mutuwa ba. Da na yi masa maganar sai ya yi dariya. "Datti ne kawai, ƙanena," in ji shi. "Nawa ma haka yake yi. Manna mata salatif ka huta." Gaskiya ya faɗa, don tasa fitilar ta daɗe a ƙarƙashin baƙin salatif. Ba a jima ba tayar gaba ta fara wuuu in na ja gudu, daga baya ta koma ƙurr-ƙurr a kwana. Na sa rana da bakanike, ruwa ya riga ranar zuwa. Wata mota ta ci birki a gabanmu, na matse nawa ina jiran tak-tak-tak, shiru. Tayar ta ƙame. Ni gwiwa kawai na goge. Auta ta karye a wuyan hannu, kuma kukan da ta yi a kan kwaltar nan har yanzu yana cikin kunnena.

Wajen wankan gawa ne al'amarin ya rikice. Bakanike ya zaro marigayin, ya wanke shi da fetur, ya kawo allura kusa da gefensa don maganaɗisun ya kama ta. Ta faɗi. Ya juya ɗaya gefen, ta sake faɗi. "Maigida," ya ce, "wannan ai ba naka ba ne. Girmansu ɗaya, amma wannan ba ya magana da birki." Shi na fara yi wa kallon tuhuma, har sai da ya nuna mini cewa giris ɗin da ya wanko daga jikin gawar ja ne, nasa kuwa baƙi. Kan notin taya kuma ga sabon tabon sifana, irin na mai sauri.

Saboda haka, jama'a, wanda muke kuka a kansa baƙo ne. Ba mu san danginsa ba.

Ba na zargin kowa. Ido ne dai ba ya neman izini. Na ga salatif ɗin nan ya ɓace daga fuskar mitar Yaya. Na ga fitilarsa tana kamawa ta mutu da ladabi, irin ladabin da na sani. Mutumin da a da ko hadari ya haɗu yakan jingine babur, yanzu cikin ruwa yake tafe yana fito. Ya zo asibiti da leda biyu a hannu, ya duba silin, ya duba takalmansa, bai duba hannun yarinyar ba.

Na ɗan taɓa maganar a ɗaki, maiɗakina ta ce, "Baban Auta, ka ji tsoron Allah, Yaya ne fa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba." Na bar maganar a nan, don na san in na tayar da ita a gaban dangi, ita ce za ta rasa gidan zuwa. Amma washegari da Yaya ya zo dubiya na hango ta ta taga, ta fita kamar za ta zubar da shara, ta daɗe tsaye a kan mitar babur ɗinsa. Da ta dawo, ba ta ba shi shayi a kofin baƙi ba.

Marigayin ya bar ƙanensa na tayar baya, da 'yar na'urar birki da ke ta sauraro babu mai yi mata magana, da fitilar da ba ta runtsa ba tun rabuwarsu, da ni. Mai yiwuwa kuma ya bar kansa, cikin ƙoshin lafiya, a wata unguwa da ba ta da nisa.

Za a yi jana'izar baƙon ranar Asabar da safe, daga shagon bakanike zuwa buhun mai sayen tsofaffin ƙarafa. Duk wanda ya san shagon da aka sayo shi, muna roƙo ya sanar da su. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida. Na so in ce kowa ya zo da babur ɗinsa a murza makullai a gaban jama'a, amma na fasa. Sabon boris mai maganaɗisu sai an yi odarsa, Auta kuma za ta koma makaranta ranar Litinin. Da na tambaye ta wa zai riƙa kai ta, ba ta ko yi tunani ba. "Kawu, Baba," ta ce. "Nasa ba ya zamewa."

Don haka an ɗauke wa Yaya zuwa gaisuwa. Ya dai tsaya a ƙofar gida kowace safiya da babur ɗinsa, ya juyo ya taimaka mata ta hau, tunda hannu ɗaya gare ta yanzu. Ba shi na damƙa wa yarinyar ba. Na san wanda ke cikin tayarsa, kuma bai taɓa kayar da ita ba.