Yadda Za Ka Kashe Bindigar Da Ta Ƙi Mutuwa

Idan ka gaji saktun daga mahaifinka, kuma kwanan nan ka lura faranti ya daina tsayawa wuri ɗaya in ka saita shi, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannu nagari. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari kafin Babbar Sallah ta zagayo, duk ƙauye zai yarda bindigar ce ta lalace, kai kuwa lafiyarka ƙalau. Ba a littafi na samo hanyar ba. Kawuna Khalfan ɗan Sulayyim ne ya gwada ta a gidanmu, ina shiga ina fita da butar gahawa, kuma ta yi masa aiki fiye da yadda ya roƙa.

Sai dai ka sani tun yanzu, aikin ba na rago ba ne. Saktun, 'yar siririyar bindigar nan mai harsashin da bai kai ƙwallon dabino ba, ba ta san mutuwa ba. Takan binne mai ita, ta binne ɗansa, ta jingina da bango tana jiran jika.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da kake karewa

A ƙauyenmu da ke bayan garin Ibri, rana ta biyu ta Sallah, in an tono naman da aka gasa a cikin rami an ci, maza kan gangara busasshen kwari a jera fararen faranti a jikin dutse. Wanda ya fi kowa hannu shi ke yin harbin farko, da sunan gidansa ake buɗe fili. Sulayyim ya riƙe wannan girma har ya koma ga Mahaliccinsa, Khalfan ya karɓa da bindigar da komai. A bara kuwa abin da ya kuskure ya fi abin da ya samu. Dattawa suka ce kowa yana da ranar rashin sa'a, suka bar masa. Amma kowa ya san in aka maimaita, harbin farko ya koma gidan Darwish, abokinsa tun suna yara, mutumin da dariyarsa ke riga shi isa wuri.

Mu na cikin gida mun san inda ciwon yake. Mutum ne da ya fara zuba gahawa a gefen finjali, ya kuma taɓa yi wa tankin ruwa sallama da magariba, har da tambayar iyali. To kai kada ka kuskura kalmar ido ta fito daga bakinka. Namiji ba ya tsufa, kayansa ne ke tsufa. Riƙe wannan hikimar, za ta ɗauke ka zuwa nesa, ko da ba ka ganin hanya.

Mataki na biyu: Ka yaɗa labarin jinyarta

Duk zaman da ka shiga, ka yi ajiyar zuciya kafin ka ɗauki dabino. In an tambaye ka lafiya, ka ce kai dai alhamdu lillahi, tsohuwa ce ba ta jin daɗi. Ka ce cikinta ya cinye, shekaru sun yi mata yawa, ƙarfe ma yana da wa'adi. Yi maganar a hankali, kamar mai ba da labarin goggonsa da ke kwance.

Hatsari ɗaya ne a nan: wani zai ce a ba shi ya gwada. Khalfan bai gama baki ba Darwish ya miƙo hannu.

“Ɗan Sulayyim, miƙo ta nan in ji inda ke mata ciwo.”

Kawu bai ko ƙifta ba. Ya ce ai marigayi ya bar wasiyya, kada hannun da ba jininsa ba ya taɓa kunamarta.

“Ikon Allah,” in ji Darwish. “Da ita ya koya mini harbi. Ashe ni jininsa ne ban sani ba. To sai a sake rabon gonar dabino.”

Aka yi dariya, Kawu ma ya yi tasa a makare. Kada ka damu da irin wannan. Mamaci ba ya ƙaryata mai rai, shi ya sa ya fi kowa daɗin kafa shaida.

Mataki na uku: Ka gwada gajiyar da ita

Ƙarya tana son ƙafar tsayawa, don haka dole bindigar ta lalace da gaske kafin Sallah. Dabarar da za ta fara zo maka ita ce ka harbe ta har ta ƙare. Jarraba, don ka huce. Khalfan ya yi ta kwasar kwalayen harsashi yana shiga bayan duwatsu shi kaɗai, yana ɓarin wuta a iska har awakin makiyaya suka saba da shi suka daina ɗaga kai.

Babu abin da ya samu sai ciwon kafaɗa da aljihu mara nauyi. Harsashin saktun darma ce mai laushi, garin albarushin da ke tura ta kuma bai cika cokalin jariri ba. Mai son cinye bututun ƙarfe da wannan, gara ya ɗauki man shanu ya ce zai huda turmi. Bindigar ma sai ƙara santsi ta yi, kamar dattijuwar da aka fita da ita shan iska.

Mataki na huɗu: Ka manta da ita inda tsatsa za ta same ta

Wannan ya fi na baya hankali, don tsatsa kam tana kisa. Ka bar ta a gona, a bakin magudanar ruwa, ka dawo gida kana fito. Amma kafin ka fara, duba ko kana da mata irin Inna Zuwaina, matar Kawu.

Inna Zuwaina ba ta taɓa harba komai ba a rayuwarta. Abin da ta sani shi ne, lokacin da take da cikin Saif, ɗansu na fari, abinci ya ƙi zama mata, surukinta Sulayyim ne ke fita da sassafe da wannan bindigar ya dawo mata da kurciya, ya gasa da hannunsa, ya ajiye a ƙofar ɗakinta ya wuce. Tun daga nan duk ranar da ta zuba wa keken ɗinkinta mai, sai ta ɗiga wa bindigar.

Da la'asar sai ga ta ta shigo da ita a naɗe cikin tsohon mayafi, an goge ta tas.

“Baban Saif, na tsinci tsohuwa a bakin ruwa. Ta ce in gaishe ka, wai ko ka ɓata hanya ne.”

Ya bar ta a bayan mota, ta ɗauko. Ya tura ta ƙarƙashin buhunan taki, ta ɗauko. Ba ta taɓa tambayarsa dalili ba, wannan ne ma ya fi ci masa rai. Darasi: sakaci ba ya aiki a gidan da wani ke tuna alheri.

Mataki na biyar: Ka kashe ta da kulawa

Ga asirin, kuma shi kaɗai ya isa. Abin da wulaƙanci ya kasa, hidima za ta yi.

Nemi doguwar sandar ƙarfe. Shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar, lokacin da mutane ke wucewa. Zura sandar ta baki, ka yi ta sama da ƙasa da ƙarfinka, tana gogar gefe tana kuka. Leɓen bututu shi ne na ƙarshe da ke sallamar harsashi. In ya cinye ta gefe ɗaya, harsashin zai fita a karkace kamar baƙon da aka tura daga ƙofa. In ka gama, ɗana ta babu komai a ciki ka ja kunama, ƙas, ƙas, ƙas, wai kana duba lafiyarta, allurar da ke dukan harsashi tana saran ƙarfe tsirara. Kullum, kada ka yi fashi.

Sulayyim sai a yi wata da watanni bai wanke ta ba. In ya tashi, zare ne da ɗan ƙyalle, ya ja ta baya sau ɗaya ya rataye. Shi ya sa ta kai ga ɗansa.

Kyan wannan matakin shi ne babu mai iya hana ka. Wa zai ce wa ɗa ya daina kula da kayan ubansa? Masu wucewa suka riƙa sa wa Khalfan albarka, har aka fara kafa wa samari misali da shi. Inna Zuwaina kaɗai ta tsaya a bakin ƙofa wata rana, ta daɗe tana sauraron kukan ƙarfen.

“Baba bai taɓa yi mata irin wannan wankan ba.”

“Shi ya sa ta tsufa,” in ji Kawu, bai ɗago ba.

Ta koma ciki. Man keke yana maganin tsatsa, ba ya maganin mai gida.

Mataki na shida: Ka kira shaidu

In ka tabbata ta mutu, manta da wasiyya. Ka ce marigayi ya zo maka a mafarki ya sassauta.

Ana saura 'yan makonni Sallah, Khalfan ya tara mutane a kwari ya miƙa wa Darwish bindigar da hannu biyu. Darwish ya karɓa yana zolaya, ya ce yau asirin wani zai tonu. Ya durƙusa, ya saita, ya harba. Ƙura ta tashi can gefe. Ya sake, ta tashi a wani gefen. Darwish, wanda ke fasa faranti yana ba da labari. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya zare abin ɗanawa, ya duba babu komai a ciki, ya juya bakin wajen haske, ya shafa leɓen da babban yatsa. Ya daɗe a haka.

“Khalfan, me ka yi mata?”

“Tsufa ne. Ai na sha faɗa muku.”

Darwish ya goge ƙotar da gefen rawaninsa, daidai inda tafin Sulayyim ya cinye itacen har ya yi kwarmi, ya miƙa masa, ya hau motarsa ko gahawa bai tsaya sha ba. Dattawa suka yi ta ba Kawu haƙuri, suna cewa ashe sun zalunce shi a zuci. Ranar ya ci abincin mutum biyu.

Wannan ce ranar nasararka. Ka more ta sosai, don ba ta da ƙanwa.

Mataki na bakwai: Ka sayi sabuwa

Dole ne, tunda ka ce waccan ce matsalar. Khalfan ya tafi birnin Maskat ya dawo da wata mai ƙyalli, a cikin akwati mai soso, da takardunta. Ya so ya ɗora mata madubin hangen nesa, aka tuna masa cewa a kwarinmu da ido ake harbi.

Ranar ta zo. An ci naman rami, an jera faranti, mu mata muna kan tudu inda muka saba. Kafin a buɗe fili Darwish ya ce a ba shi amaryar ya gwada, kada a zo ana cewa ita ma ba ta da lafiya. Babu wasiyyar da ta hau kan wannan, sai Kawu ya miƙa. Darwish ya fasa na gwaji, ya fasa na kusa da shi, ya fasa wani ɗan guntu da ya rage a jikin dutse. Ya mayar masa.

“Garau take. Bismillah, ɗan Sulayyim.”

Khalfan ya durƙusa. Ya runtse ido ɗaya, ya buɗe, ya runtse ɗayan. Ya harba. Faranti na nan. Ya sake. Faranti na nan, fari tas, kamar an wanke shi don baƙi. Daga kan tudu muna ganin ƙurar tana tashi inda ko akuya ba za ta tsorata ba. Ya juya ya dubi bindigar, bakinsa ya buɗe don ya faɗi abin da ya saba faɗa, sai ya tarar babu kowa a wurin da zai ɗora wa. Wadda ta yi shekara guda tana ɗaukar masa laifi ba ta ce uffan ba, shi da hannunsa ya kashe ta.

Babu wanda ya yi dariya, har Darwish. Da sun yi ma da ya fi sauƙi. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce a buɗe fili da sunan gidan Darwish.

Mataki na takwas: Ka koma gida

Wannan ba sai na koya maka ba, ƙafafunka za su kai ka. Inna Zuwaina ta ajiye masa gahawa, ta zuba da kanta don kada ta zube, ta ce ta riga ta gaya wa Saif, bayan Sallah zai kai shi a duba masa ido. Bai yi musu ba. Likita ya ce abin ba wani babba ba ne, da ya zo tun bara da tabarau kaɗai ya wadatar, yanzu ma haka.

Ranar da aka kawo tabarau ɗin yana zaune a ɗakin baƙi. Ya saka, ya dubi tafin hannunsa, ya dubi zanen darduma kamar yau aka shimfiɗa ta. Sannan ya ɗaga kai ga bango, inda Inna ta rataye tsohuwar a ƙusar Sulayyim. Ya tashi ya sauko da ita, ya kai bakinta wajen taga. Karon farko ke nan da ya ga aikinsa da kyau: leɓen ya cinye ta gefe ɗaya, duk zane-zanen sanda, sababbi fil, babu na tsufa ko ɗaya.

Ya cire tabarau ɗin ya sa a aljihu. Da ya ga hakan bai mayar da komai ba, ya sake sakawa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin komai. Alkawarin da na yi shi ne ƙauye zai yarda bindigar ta lalace, kuma zai yarda. Ban ce za ka riƙe harbin farko ba, ban ce abokinka zai ci gaba da yi maka dariya irin ta da ba, ban kuma ce matarka za ta daina ɗiga wa gawa man keke duk ranar ɗinki kana kallo ba. In ka bi matakan nan ka kai ƙarshe, kada ka zo nemana da ƙorafi. In kuma dole sai ka zo, sako tabarau, kada ka je ka yi wa tankin ruwa faɗa.