Ranar da Na Kai Amarya Gwajin Sikila

Ranar akwai ni, da jikana Sulemana, da Rabi da zai aura, da kakarta Hajiya Mero daga Yendi. Ni na kafe sai an gwada jinin sikila, ko a fasa auren. Na riga na cika Salaga da cewa jininmu na fatake ba shi da aibi. Don in kunyata Mero, har nawa hannun na miƙa.

Nas ta ce, "Rabi ba ta ɗauke da shi, aure ba matsala. " Sai ta dube ni. "Hajiya, ke da jikanki ne kuke ɗauke da shi."

Mero ta gyara mayafi. "To, ƙawata, sai mun yi shawara."

Washegari ni na ɗauki doya zuwa masaukinta ina ban haƙuri kada ta fasa auren. Har yau ko kaza za a saya, jikokina sai su ce, "Bari Kaka ta kai ta asibiti tukuna."