Dutsen Kabejin Iya Stana

Wani ne a layinmu, ba zan kama sunansa ba don har yau muna gaisawa. Yana da wata 'yar mota ja mai inji a baya, gadon ubansa, wadda aka ƙera tun ƙasar nan tana amsa wani sunan. Damisa yake kiranta. Mu dai maƙwabta ba mu taɓa ganin ta kama komai ba, ita ce ma tsatsa ta kama.

Shekara goma sha tara tana kwance a rumfar bayan gida. Duk Asabar zai fito da tsumma ya goge ta, ya tayar da ita, ta yi tari uku ta cika layi da hayaƙi, ya kashe. Sannan ya leƙo ta katanga ya ce, "Maƙwabci, ka ji murya?" Na ji. Karena ma ya ji.

Matarsa Radmila kuwa rumfar take so. Kaka ta kusa, lokacin gasa tattasai.

"Kowace mace a layin nan a inuwa take gasa tattasanta," in ji ta. "Ni kaɗai ce nake gasa nawa a rana, ina gasuwa tare da shi, saboda wannan gwangwanin."

"Ki iya bakinki. Ranar Lahadi akwai taron tsofaffin motoci a Kozarnik, za a yi tseren hawan tudu. Za ki ga aikin Damisa."

"Madalla. Ka dawo da kofi, ta ci gaba da kwana a rumfa har ta mutu. Ka dawo hannu na dukan cinya, Litinin da safe Velimir ɗan gwangwan zai zo ya ɗauke min ita."

"Na yarda!"

"Ban tambaye ka ba."

Ranar Lahadi gindin tudu ya cika. 'Yan Belgrad sun zo da motocinsu suna ƙyalli, kowa da safar hannu ta fata da 'yar hula, suna hure ƙura daga jikin fenti kamar masu fifita wa jariri. Ka matsa kusa su ce kar ka yi numfashi. Velimir ma ya zo. Ya ajiye babbar motarsa daidai inda titi ya ƙare, ya sauke ƙarafan hawa har ƙasa, ya zauna yana cin gasasshen nama. Shi bai zo kallo ba, ya san ranar girbinsa. Radmila na gefensa da kujerarta da saƙarta.

Ni ne mai tuta a kwana ta uku, don haka kar wanda ya ce min ƙari nake yi.

Alƙalin gasa Dragutin ne, tsohon malamin lissafi da ya kayar da rabin garin nan a jarrabawa. Ya ɗauki lasifika yana karanta doka kafin ya hau sama da agogonsa. Kowa ya yi shiru yana ji, ban da mutuminmu. Shi yana cikin Damisa da hular kwanon surukinsa mai aikin gini, yana ta taka totur don 'yan Belgrad su ji murya. Ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa ba.

Lambarsa talatin da takwas, shi ne na ƙarshe. Aka ɗaga tuta, ya fizga. Ya wuce ni a kwana ta uku yana washe baki. Ina kallonsa ya sha ta huɗu, sai ga farin hayaƙi ya tashi daga bayan motar. Lagireto ya tafasa.

Daidai wurin akwai gida ɗaya tal, na wata tsohuwa, Iya Stana. Ya tsaya a ƙofarta. Birkin hannun Damisa ya rasu tun kafin mai ita na farko, giyarta kuwa ba ta riƙe komai sai zafi. Ya diro da gudu, ya hango wani dutse sumul a kan ganga bakin ƙofa, ya sure shi ya yi waji da shi a ƙarƙashin tayar baya.

"Iya, ruwa! Don Allah ruwa, sauri nake!"

"Sannu da zuwa, ɗana. Zauna."

"Iya, tsere muke yi!"

"Na ji ku tun safe, kajina sun daina ƙwai. Zauna. A gidan nan ba a ba mota ruwa kafin a ba mutum."

Ta kawo cokalin zuma da ruwan sanyi. Ta ɗora gahawa a kan murhu, ta zauna tana jiran ta taso. Ya miƙe, ta ce zauna. Ta ba shi labarin gwiwarta ta hagu, daga nan ta koma ta dama. Ta ɗauko hotunan jikokinta da ke Jamus, su tara, kowane da sunansa da cutar da ya yi yana ƙarami. Sai da ya shanye gahawa har gari ya taɓa masa haƙori sannan ta nuna masa rijiya.

Ya zuba wa Damisa guga guda. Ya zare dutsen, ya juya shi, ya ce a ransa wannan waji ne na kirki, ya jefa shi kujerar baya. Yana tashi tsohuwa ta fito tana ɗaga hannu tana ihu. Ya leƙo ta taga ya ɗaga mata shi ma.

"Na gode, Iya! Sai na kawo kofi!"

Kowa ya hau tudun nan a minti biyar, shida. Shi ya iso a minti arba'in da ɗaya da daƙiƙa goma sha bakwai. Ya tarar wasu sun yi barci a ciyawa. 'Yan Belgrad suka tashi suka yi masa tafi, wani ya tambaye shi ko ta Girka ya biyo.

Ya cire hula, ya zauna a kan dutse, ido ya kawo ruwa. Gaskiya na tausaya masa da aka ba ni labari, don motar nan a cikinta ubansa ya koya masa tuƙi.

"Shi ke nan, Malam Dragutin. Damisa ta tafi."

"Wa ya ce? Ba ka ji doka ba?"

"Wace doka?"

"Har yanzu ba ka sauraro, kamar dai a aji. Wannan gasar tsofaffin motoci ce, ba gudu ake ba. Sau biyu ake hawa. Wanda lokacinsa na biyu ya fi kusa da na farko, shi ke da kofi."

"Ko da nawa ne?"

"Ko da kwana ne."

Mutuminmu ya mayar da hula. Ya dubi 'yan Belgrad ɗaya bayan ɗaya.

"Ai na sani," ya ce. "Dabara ce. Ku da kuka yi gaggawa sai ku san yadda za ku yi."

Aka sauko a jere don zagaye na biyu. Da suka zo wucewa ta gidan Iya Stana tana bakin titi tana girgiza masa dunƙulen hannu. Ya ce wa kansa, ka ga masoya.

Zagaye na biyu kuwa, don tsabar mugunta, Damisa ta warke. Ba tari, ba hayaƙi. Ta wuce ni tana kukan da ban taɓa jin ta yi ba, shi kuma yana ciki yana roƙonta ta yi a hankali. Ya ci birki a ƙofar tsohuwa, ya sa wajinsa, ya shiga tsakar gida ya zauna a kujerar ɗazu, ya ba titi baya, ya kwance agogo ya ajiye a tebur.

"Iya, zuma."

"Kai ne?"

"Ni ne. Zuma tukuna, sannan gahawa, yadda muka yi ɗazu. Kar ki rage komai, kar ki ƙara."

"Ina dutsena?"

"Wane dutse?"

"Na kan ganga! Dutsen kabejina! Tun ina amarya uwar mijina ta ba ni shi, daga kogi ta ɗauko. Shekara hamsin da biyu yana danne min kabeji cikin ruwan gishiri, ko soja bai taɓa shi ba. Yanzu je ka duba, kabejin duk ya taso yana leƙen duniya. In ya sha iska me zan ci da hunturu? Tayarka?"

"Iya, wannan maganar ba ta cikin na ɗazu. Za ki ɓata min lissafi. Gahawa."

Tsohuwa ta yi masa wani kallo. Amma baƙo baƙo ne. Ta dangwarar da zuma, ta dangwarar da gahawa. Ya duba agogo.

"Yauwa. Yanzu gwiwa."

"Gwiwata ta dama dai..."

"A'a, Iya. Da ta hagu kika fara."

"Yau ta dama ke ciwo!"

"Ki yi haƙuri ta hagu ta yi. Minti huɗu ne kacal."

Ta buɗe baki za ta yi gardama. Sai ta hango wani abu ta saman kafaɗarsa, can ƙarƙashin tayar baya. Fuskarta ta washe.

"Bari in ɗauko maka hotuna, ɗana."

"Allah ya yi miki albarka. Ki fara da mai ƙyanda."

Ta zagaya ta bayan gida. Shi yana kurɓar gahawa yana ƙirga daƙiƙa. Can ya ji ƙarar tsakuwa, ya ɗan waiga, ya hango rufin wata jar mota ya shuɗe ta bayan shinge, fuu, ya yi ƙasa.

Ya girgiza kai ya yi dariya.

"Wawa. Wani bai ji doka ba. Iya, zo ki ga wani sakarai, ana hawa yana sauka! Irin tawa ce ma. Kai, mutane ba sa sauraro."

Tsohuwa ta shigo rungume da dutsenta. Ta wanke shi a guga, ta ɗora a kan ganga, ta danna, ta sauke ajiyar zuciya.

Ya dubi dutse. Ya dubi shinge. Ya sake duban dutse.

To ni a kwana ta uku ina tsaye sai ga Damisa ta taho da baya, ba kowa a ciki. Na ɗaga mata jar tuta, don aikina ke nan. Ta daki damin ciyawar da aka jera a bakin kwana, ciyawa ta juya mata hanci, ta miƙe. Na rantse muku, yadda ta sha kwanar nan ita kaɗai ya fi yadda ya sha ta sau biyu yana ciki.

Shi kuwa can sama ya duba agogo, saura minti goma sha ɗaya. Mota a ƙasa, kofi a sama. Ya tsaya yana juyi a tsakar gida.

"Iya, ina hanya mafi kusa zuwa sama?"

"Ta awaki. Bi bayan ɗakin kaji."

Ya bi ta awaki. Da hular gini a kai, da ciki a gaba, yana ja da hannu ɗaya, ƙaya na yagar wando. Ya ɓullo daga cikin daji gab da layin ƙarshe, yana yi wa kansa kukan inji da baki, ya faɗa kan layi ruf da ciki.

Dragutin ya danna agogo. Ya duba. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa.

"Minti arba'in da ɗaya da daƙiƙa goma sha bakwai. Cif. Shekara ashirin ina riƙe da agogon nan ban taɓa ganin haka ba."

"Kofi," in ji mutuminmu daga ƙasa.

"Ina motar?"

"Tana... ta ɗan riga ni sauka."

"Doka ta ce mota da direba."

"To ai ga direba! Ba rabin kofi?"

"A ajina ma ban taɓa ba da rabin maki ba."

Wani ɗan Belgrad ya rage masa hanya zuwa ƙasa, bayan ya shimfiɗa jarida a kujera. Suna isowa suka tarar da taro ya yi da'ira, ana ta ɗaukar hoto. Damisa ta sauko tudun nan a minti ɗaya da daƙiƙa hamsin, mai agogon ƙasa ya rantse ba a taɓa yi ba. Ta wuce layin farawa, ta wuce mai gasa nama, ta hau ƙarafan Velimir da kanta, ta tsaya cak a bayan motarsa. Ko fitila ba ta fasa ba. Velimir bai ma ajiye namansa ba, sarƙa kawai ya miƙa hannu ya ɗaura.

Radmila na zaune tana saƙa. Mutuminmu ya zo gabanta, ganye a wuya, takalmi ƙafa ɗaya. Sai a lokacin ya lura da abin da ke dunƙule a hannunsa tun daga gidan tsohuwa: ɗan kofin gahawa, mai zanen fure. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Kofi kika ce. Ba ki faɗi girmansa ba."

Ba ta karɓa ba. Can daga saman tudu ana jin muryar tsohuwa tana saukowa tana kiran ɓarawo.

"Radmila, sai Litinin muka yi da ke. Yau Lahadi. Kuma kin gani da idonki! Shekara goma sha tara ina gaya miki motar nan tana da gudu, kina cewa gwangwani ce. Minti ɗaya da hamsin! Kin gani ko ba ki gani ba?"

Radmila ta soke allura a zare. Ta dubi Damisa a sama tana sheƙi. Ta dubi mijinta tun daga hular gini har zuwa safar da babban yatsa ya leƙo.

"Na gani," ta ce. "Velimir, sauke motar. Wannan za ka ɗora."