Wa Ya Saci Kabon a Tanderu na Biyu?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Ladabtarwa,
Masana'antar Sifirin Motoci.

Yallabai,

Bayan gaisuwa daidai girman kujerarka, na karanta rahotonku mai shafi tara. Kun gano cewa kabon, sinadarin da ke sa ƙarfe tauri, ya ɓace daga fatar sifirin ɗin da muke ƙerawa don ɗaukar nauyin mota, fatar ta yi laushi, sifirin yana tsagewa, kuma ɓatan ya faru ne a lokacin aikin Baba mai tanderu. Kun dakatar da shi, jibi kuma za ku zauna kan batun korarsa, bayan shekara ashirin da shida a bakin wuta. Ina neman izinin 'yan tambayoyi.

1. An buɗe lokarsa a gaban masu gadi biyu, aka sami safar hannu, kofin roba da maganin hawan jini. Da ya ce, "'Ya'yana, ku faɗa mini kalarsa mana, in taya ku nema," sai aka rubuta cewa ya yi wa kwamiti rashin kunya. Me aka sa ran gani, Yallabai? Ƙulli a leda?

2. Kabon ba ya bi ta ƙofar masu gadi. Idan ƙarfe ya yi ja a wuta, kabon ɗin da ke samansa yakan haɗu da iska ya fice ta bututun hayaƙi. Shi ma bututun za a ba shi takardar tuhuma?

3. Ƙarfenmu na da yana da sinadarin kuromiyom, shi kuwa riƙe kabon yake yi, ba ya barinsa yawo. Wanda ofishin saye-saye ya kawo watan jiya ba shi da kuromiyom, sai silikon mai yawa, silikon kuma har bakin ƙofa yake raka kabon. Na rubuta wannan tun kafin a sauke kayan daga mota. Takardar ta dawo mini da jan biro: "A gyara kwanan wata." Na gyara.

4. Shugaban ofishin saye-saye shi ne sakataren kwamitinku. Ban ce komai ba. Rubutun hannunsa yana da kyau ƙwarai.

5. Yau kwanan Baba tara a gida, wani ne ke kula da tanderun. Jiya na yanka sifirin ɗaya daga sabon gashin tanderu, na goge, na duba a madubin gwaji. Kabon ya sake ɓacewa, laushin ma ya fi na da zurfi, domin Baba ya san lokacin da ake rage iska, sabon bai sani ba. In daga ƙofar gidansa yake wannan sata, to ba kora ta dace da shi ba, jami'a ya kamata a miƙa wa shi.

Roƙona a maido shi bakin aikinsa. In kuma hikimar kwamiti ta ga sai an kore shi, don Allah a tanadi sunan wanda za a kora mako mai zuwa. Akwai sauran tan arba'in na wannan ƙarfe a sito, masu tanderu kuwa uku suka rage mana.

Taka mai biyayya, a tsaye ko a durƙushe,
Injiniyar ɗakin gwaji.