Kakan da Na Tura Umra

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wata marubuciyar littattafan yara, 'yar ƙasar Ireland, ta ziyarci makarantar da nake taimaka wa malamar aji a Riyadh. Dattijuwa ce, tun tana koyarwa a ƙauyensu na bakin teku take rubutu.

Akwai littafinta guda a gidanmu a unguwar Al-Naseem, labarin wata yarinya da kakanta masunci da karensa. Ni ke karanta wa 'yata Hafsa, amma da Hausa nake juya mata, don Larabci na neman ƙwace mata harshe. To, mai ba da tatsuniya ai shi ke da wuƙa da nama. Karen da ke kwana kan gado na mayar da shi akuya (ina dalili!). Da kakan ya mutu a shafin ƙarshe kuwa, ban ga amfanin kuka kafin barci ba, sai na ce ya tafi Umra.

Ni da bakina na gaya wa shugabar makaranta cewa Hafsa, wadda ɗaliba ce a nan, ta haddace littafin nan. Aka kuwa miƙa mata makirfo a gaban iyaye. Ta yi tambayarta da Larabci, wai yaushe Kaka zai dawo daga Umra, kuma wa ke ba akuyar ciyawa?

Na yi wuf zan fassara in gyara zancen kamar yadda na saba, sai wata malama 'yar Sudan ta riga ni, ba ta rage ko kalma ba. Marubuciyar, baiwar Allah, ta yi ta buɗe shafuka tana neman akuya. Sannan ta durƙusa ta ce wa Hafsa kakan nan mahaifinta ne ita marubuciyar, ya rasu, kuma ta rubuta littafin ne don a riƙa gaya wa yara gaskiyar irin wannan.

Hafsa ba ta yi kuka ba. Ni ta juyo ta kalla, makirfo na bakinta.

"Umma, wallah?"

Na ce wallah, ya rasu. Kunya kam na sha ta, har da guzuri.

Yanzu ita ke riƙe littafi, yatsanta a kan layi, ko na rantse sai ta duba. Ni kuma na koyi cewa in dai sai an yi wa yaro ƙarya, kada a tura mamaci inda ake zuwa a dawo.