Ranar da Motar Tanimu Ta Iso Daga Kwatano

Wani mutum ne a Kwanar Ɗorawa ana ce masa Tanimu Kwatano. Kada ka ɗauka ya taɓa zuwa Kwatano, ko hanyar bai sani ba. Dillalin hatsi ne a kasuwar garin, amma in ya buɗe baki sai ka rantse da shi ake shawara kafin damina ta sauka. Sunan kuwa mota ce ta jawo masa. Shekara da shekaru yana gaya wa mutane ya sayi mota, tana Kwatano, kawowa kawai ta rage. Yaran da aka haifa lokacin da ya fara wannan zance har sun fara gemu, mota ba ta iso ba.

Kullum a teburin mai shayi sai an taɓa shi, musamman Ilu mahauci, wanda ba ya iya ganin Tanimu ya yi shiru.

"Tanimu, yaya labarin mota?"

"Tana hanya. Direban da zai kawo ta ne ya yi aure."

Bayan wata biyu a sake tambaya, ya ce matar direban ce ta haihu.

Ana nan sai 'yarsa Saudatu ta gama sakandare, makaranta ta sa ranar bikin yaye ɗalibai. To, wani sabon yayi ya shigo garin: 'yan ajin ƙarshe ba sa zuwa wannan biki a ƙafa. Kowa sai ya yi hayar abin hawa da direba, a kawo shi ana busa ham. Saudatu ba ta da dogon buri. Ita da ƙawayenta sun shirya su ɗauki a-daidaita-sahu guda, su ɗaura masa balan-balan, shi ke nan.

Labari ya kai kunnen Ilu. Washegari ya jira teburin shayi ya cika, sannan ya ce, "Allah sarki. Na ji 'yar mai mota a-daidaita-sahu za ta hau."

Aka kwashe da dariya. Tanimu ya buga tebur, bam! Har shayin wani ya zube.

"Mota ta iso! Tana birni ana wanke ta. In Saudatu ba ta je bikin nan a cikin motata ba, kada wanda ya ƙara gaishe ni a garin nan!"

Magana ta riga ta fita, ba dama a mayar. Tanimu ya kwana biyu abinci ba ya masa daɗi. A na uku ya sulale zuwa birni, wurin masu ba da hayar motocin biki. Yadda ya haɗa kuɗin, wannan tsakaninsa da Allah ne. Aka ba shi wata baƙar jif mai sheƙi, tare da direbanta Lurwanu, wani siririn mutum da ba ya son dogon zance. Sharaɗi ɗaya aka kafa masa: la'asar na yi mota za ta juyo, akwai amaryar da za ta ɗauka.

Tanimu ya ja Lurwanu gefe ya fara koya masa karatu.

"In mun shiga gari, motar nan tawa ce, kai kuma yarona ne. In na yi tari, ka fito ka buɗe mini ƙofa. In akwai mutane kusa, ka ce mini Alhaji."

"Ka je Makka ne?"

"Kai, ina ruwanka?"

Lurwanu ya ɗaga kafaɗa. "Ni ko Gwamna ka ce in kira ka, zan kira ka. Amma la'asar na yi zan juya."

Ranar biki sai ga jif a ƙofar gidan Tanimu. Fiiim! Fiiim! Unguwa ta fashe. Mata suna leƙe ta katanga, awaki suna neman wurin ɓuya. Tanimu ya fito cikin babbar riga da ta sha sitaci, yana tafiya tana ƙara, kwaras-kwaras. Saudatu ta shiga baya a hankali, ta shafa kujera, ta dubi ubanta.

"Baba, da gaske tamu ce?"

"Ke, gyara zama, kada ki taɓa madannai."

Daɗi ya kama yarinyar har idonta ya kawo ruwa, don ta daɗe tana shan tsiya a aji saboda motar nan.

Makarantar fa tana bayan gidansu, ko gurgu ba zai nemi abin hawa ba. Amma Tanimu ya sa aka bi ta tasha, aka bi ta kasuwa, aka rage gudu daidai rumfar mahauta, aka sake zagayowa ko akwai wanda bai gani ba. Da suka shiga filin makaranta, rumfuna sun cika, lasifika tana ta kuwwa. Tanimu ya yi tari. Lurwanu ya fito ya buɗe ƙofa ya ce, "Alhaji, mun iso."

Wayyo, zo ka ga hura hanci! Mutane suka kewaye mota, Tanimu yana bayani.

"Sanyin cikinta in ka daɗe sai ka nemi bargo. In ta ga rami da kanta take kaucewa. Ilu, matso ka taɓa mana, ba ta cizo."

Ilu ya taɓa, ya ja da baya. Tun da aka haifi Tanimu bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Sai ga Baba Jatau. Shi ne surukin Tanimu, kakan Saudatu na wajen uwa, wani tsohon manomi daga ƙauyen da ke gaba, mai ƙarancin magana da yawan kallo. Tanimu ya tuɓe takalmi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Tsoho ya amsa, ya zagaya mota a hankali, ya leƙa kujerar gaba, ya ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa, ƙwan-ƙwan.

"Ma sha Allahu. Mota ta yi kyau."

To, kowa ya san yadda ake yi. In babba ya yaba abinka, sai ka ce ai nasa ne. Shi kuma ya sa maka albarka, ya ce ya bar maka. Ladabi ne kawai, ba wanda ke ɗauka. Da Tanimu ya faɗa a hankali da an wuce wurin. Ina! Sai da ya miƙe, ya baza hannun riga, ya ɗaga murya yadda na bayan rumfa za su ji.

"Ai taka ce, Baba! Ni da abin da na mallaka duk naka ne!"

Ya tsaya yana murmushi, yana jiran a mayar masa da kayansa.

Baba Jatau ya ce, "Na karɓa."

 Murmushin Tanimu ya bushe a fuskarsa. Kafin ya haɗiye yawu, wani maroƙi da ke yawon neman sa'a ya cafke zancen.

"Jama'a ku shaida! Tanimu ya ba surukinsa mota! Sukutum da guda! Ɗa na ƙwarai, Tanimu na Saudatu!"

Mata suka rangaɗa guɗa, ayyururui! Tanimu ya daure. A ransa ya ce, ba komai, a ɗan zagaya da tsoho, in an watse na san ƙaryar da zan shirga masa. Ashe tsoho bai gama ba.

"Ni yanzu me zan yi da mota?" in ji Baba Jatau. "Hanyar ƙauyenmu ko jaki sai ya yi tunani kafin ya bi. Ina shugaban makaranta? Malam, zo. Na ba makarantar nan sadaka. In yaro ya yi rashin lafiya a kai shi asibiti."

Shugaban makaranta, Malam Nafi'u, ya rungume tsoho, ya rungume Tanimu, ya karɓi makirfo. Ya ce tun da aka kafa makarantar ko baro ba a taɓa ba su ba. Liman ya ɗaga hannu ya zuba addu'a, jama'a suna amin, Tanimu ma yana amin, gumi na bin bayansa. Aka ja shi aka zaunar a kujerar manyan baƙi, aka ajiye masa shinkafa da kaza. Mutumin da ba a taɓa ganin ya bar ƙashi a faranti ba, ranar ko cokali bai ɗaga ba. Yana ta satar kallon rana, ita kuma tana ta gangarawa abinta.

Can sai ya hango malamin zane ya nufi mota, gwangwanin farin fenti a hannu ɗaya, buroshi a ɗayan, ɗalibai na biye da shi suna tafi.

Lurwanu yana gindin bishiya yana cin tasa shinkafar hankali kwance, bai san an yi kyauta da shi da motarsa har sau biyu ba. Yana ɗaga kai ya yi wurgi da faranti.

"Kai! Kai! Malam, me za ka yi?"

"Sunan makaranta za mu rubuta a ƙofa. Matsa."

"Sunan me? Alhaji! Alhaji, ka yi magana!"

Tanimu ya yi tari.

"Ba tari za ka yi ba, magana za ka yi!"

Tanimu ya tashi, ya matsa kusa da Malam Nafi'u don ya raɗa masa a kunne. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka jawabi yake so. Ya danƙa masa makirfo ya ce, "Jama'a a yi shiru, mai kyauta zai yi magana!"

Aka yi shiru. Malamin zane ya tsoma buroshi ya ɗago, fenti na ɗiga, ɗis, ɗis. Saura ƙiris ya taɓa ƙofa. Tanimu ya dubi fenti, ya dubi Lurwanu, ya dubi sama. Ba mafita.

"Jama'a... kada a shafa fentin nan. Motar... ta haya ce."

Lasifika ba ta da kunya, ta kai maganar har kasuwa. Ilu mahauci ya miƙe daga can baya ya kama kunne.

"Ba mu ji ba a nan! Ta mece ce?"

"Ta haya ce!"

Wuri ya kece. Wani ya faɗo daga kujera, liman ya rufe baki da rawani kafaɗunsa na girgiza. Maroƙi ya ce a biya shi kirarin da ya yi asara. Saudatu ta rufe fuska da mayafi, kunya kamar ta nutse, sai ƙawayenta suka zo suka janye ta, suka ce ai wurinta na nan a a-daidaita-sahu, ba su ba kowa ba. Ana cikin haka aka kira la'asar. Lurwanu ya shiga mota, ya kulle ƙofofi, ƙarat, ya leƙo ta taga.

"Malam Tanimu, sai wani bikin."

Vuuum! Ya bar shi tsaye da makirfo a hannu.

Da mutane suka fara raguwa, Tanimu ya lallaɓa wurin surukinsa, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, a yi mini aikin gafara. Ban so ka sani ta haka ba."

"In sani?" in ji Baba Jatau. "Ai tun daga bakin ƙofa na gane ta. Ita ta kawo amaryar maƙwabcina bayan sallah. A gaba na zauna. Na leƙa ɗazu, har yanzu tabon gorona na jikin kujera."

Ya shiga bayan rumfa ya turo wani tsohon keke, sirdinsa ɗaure da tsumma, ya naɗe ƙafar wando. Tanimu ya rasa inda zai sa kansa, ga sauran jama'a sun zuba ido. Don dai kada a ce bai ce komai ba, ya ce, "Baba, keken nan har yanzu da ƙarfinsa. Ya yi kyau."

Tsoho ya hau, ya kaɗa ƙararrawa, ƙililin, ya dube shi sama da ƙasa.

"Na gode. Amma ba zan ce naka ne ba, Tanimu. Shi wannan nawa ne."